Karen Kokeshiyan: kiwo yake yi ko gadi?

Mai Tumaki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kare. Ina da 'yar gona a bayan Zariya inda nake ajiye tumaki 46, yawancinsu balami da uda, sai awaki kaɗan. Bara, saura kwana goma babbar salla, aka shiga da dare aka kwance mini raguna biyu da na shekara ina turka, yaron da ke kwana a wurin bai farka ba sai da asuba. Bana kuma karnukan gari sun kashe mini 'yan tumaki uku cikin wata ɗaya.

Shi ne wani abokina ya kai ni wurin wani mai sayar da karnuka, ya nuna mini ɗan kwikwiyo mai mako tara, irin wanda ake kira Kokeshiyan. Na ga uban. Wallahi tunda nake ban taɓa ganin kare irinsa ba. Tsayinsa ya kai ƙuguna, gashin wuyansa kamar gezar zaki, kai kamar turmi, kunnuwa an yanke su har ba a ganinsu cikin gashi. Ko haushi bai yi ba, kallona kawai ya yi, amma sai da gabana ya faɗi. Mai shi ya ce mini asalinsa karen makiyaya ne a kan duwatsu, zai fita da tumaki ya dawo da su, ya kuma yi gadinsu. Kuɗin da ya yanka ya kai na raguna biyu manya.

To gaskiya ne zai yi kiwo? Yarana suna zuwa gonar duk Asabar, babu matsala? Kuma da wannan gashin, zai iya da zafin bazararmu?

Abban Sultan:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Saya kawai, kada ka tsaya dogon tunani. Nawa yana da wata 14 yanzu, a Kaduna muke. Tunda ya shigo gidan nan ko ƙadangare bai kuma tsallake katanga ba. Da rana kwance yake kamar buhu, sai ka rantse rago ne, amma dare na yi sai ya tashi ya fara zagaye. Muryarsa kaɗai ta isa, tun daga bakin layi ake jin ta. Yarana suna hawa bayansa, suna jan gashinsa, bai taɓa ko yi musu gurnani ba. Mutane ne kawai ke ɓata masa suna saboda girmansa.

Dakta na Bukur:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni likitan dabbobi ne, kuma wannan karen yana zuwa hannuna sosai tunda mutanen Jos suka raja'a a kansa. Mai sayarwa bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya haɗa maka aiki biyu da ba kare ɗaya ke yin su ba. Karnukan da ke bin tumaki kashi biyu ne: akwai mai kora, akwai mai gadi.

Mai kora ƙarami ne, marar nauyi, ba ya iya zama wuri ɗaya. Idonsa kullum yana kan makiyayi, yana jiran fito ko alamar hannu. Shi ne zai zagaya garke ya tattaro shi, ya ɗan cafki agarar wadda ta bijire. Tumaki tsoronsa suke ji, kuma da wannan tsoron yake juya su. Mai gadi kuwa so ake tumaki su manta da shi, su ɗauke shi ɗan uwansu. Yana tafe a tsakiyarsu a hankali, kai a sunkuye, in sun kwanta ya kwanta. Ba ya jiran umarnin kowa, domin in kyarkeci ya zo da tsakar dare makiyayi barci yake yi, karen ne zai san abin da zai yi shi kaɗai.

A duwatsun Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya abin a fili yake. Makiyayi ɗaya za ka gan shi da ɗan ƙaramin kare mai buzu-buzu wanda da ƙyar zai kai kilo 15, shi ke kora, sannan ga ƙaton fari mai kusan kilo 50, shi ke gadi. Kokeshiyan yana sahun ƙaton nan ne. Asalinsa duwatsun Kokasus, wato Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da Dagestan a kudancin Rasha, inda abokan gabar garke su ne kyarkeci da beyar da ɓarawo. Daga shekarun 1920 ne Tarayyar Sobiyet ta fara tace irin, tana zaɓen masu girma da ƙarfin zuciya don gadi.

Abin da ka gani a jikin uban daidai ne. Ƙa'idar da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, ta ajiye ita ce namiji kada ya gaza santimita 68 a kafaɗa, an fi son 72 zuwa 75, nauyinsa kuma kada ya gaza kilo 50. Mace santimita 64, kilo 45. Gashin nan hawa biyu ne, na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga. Launi akwai ruwan toka, akwai ja-ja, akwai ruwan busasshiyar ciyawa, akwai fari da dabbare-dabbare, amma baƙi ƙirin ba ya cikin ƙa'ida.

Saboda haka fita da tumaki da dawo da su, wannan ka cire rai. Yaronka ne zai ci gaba da yi.

Mai Tumaki:
Na gode Dakta. Wannan bambancin ban taɓa jin sa ba. To ai ni dama gadin ya fi damuna. In zai hana a kwance mini rago, ko bai kora ko tunkiya ɗaya ba na yarda.

Ɗalibi a Tbilisi:
Baba Alhaji, barka da war haka. Ni karatun likita nake yi a Jojiya, kuma na ga karnukan nan a gidansu, shi ya sa na kasa yin shiru. Hutun da ya wuce, cikin watan Yuli, muka je yankin Tusheti ni da abokan karatuna. Hanyar tana bi ta wata mashiga da ake kira Abano, tsayinta ya haura mita 2,800, kuma watanni kaɗan ake iya bin ta a shekara saboda ƙanƙara. Makiyayan wurin suna hawa da tumakinsu in sanyi ya wuce, su sauko da su cikin Oktoba zuwa filayen ƙasa. Mashekari ne dai irin na Fulaninmu, sai dai su hawa da sauka suke yi.

Tun a ƙauyen Omalo mai masaukinmu ya ja mana kunne. Ya ce in kun hango garke ku kewaye shi daga nesa. In karnuka suka taso, kada wanda ya gudu, kada wanda ya ɗaga sanda, ku tsaya cik ku ƙwala wa makiyayi kira. Rana ta biyu abin ya same mu. Ba mu ma ga tumakin ba tukuna, sai ga karnuka huɗu sun gangaro. Biyu suka tsaya gabanmu suna haushi, biyu suka zagaya bayanmu shiru. Mun fi minti goma a tsaye kafin wani dattijo ya leƙo daga kan tudu ya yi musu magana. Ko da ya yi, ba su juya nan take ba, sai da babban cikinsu ya gama shinshinar jakata. Bayan nan muka zauna muka sha shayi da dattijon, ya ba mu cukunsu, karnukan suna kwance can gefe, amma duk wanda ya miƙe cikinmu sai sun ɗaga kai.

Abu biyu na lura da su, Baba. Na farko, waɗannan na aikin ba su da irin ƙibar da nake gani a hotunan masu sayarwa na gida. Dogaye ne, jiki a murɗe, gashi duk ƙaya, kuma abincin da na ga an zuba musu fate-faten gari ne da ruwan cuku. Na biyu, ba wanda yake ajiye ɗaya tilo. Garke guda karnuka da yawa ne, ƙanana suna koyo a wurin manya. Kuma a watan Yulin nan da nake faɗa, da dare sai da rigar sanyi muke kwana.

Hajiya Mai Kaji:
Alhaji don Allah ka saurare ni kafin ka biya. Maƙwabcinmu yana da irinsa. Shekara biyu karen nan yana gidan lafiya lau, har 'ya'yana suna leƙawa su gan shi. Ranar nan wata 'yar talla ta tura ƙofa ta shiga da sallama, kamar yadda take yi kullum, ashe an manta ba a ɗaure shi ba. Bai yi haushi ba, bai yi gargaɗi ba, kawai ya kayar da ita ya kama cinyarta. Maza uku ne suka ɓamɓare shi. Ni na riƙe yarinyar a mota har asibiti, jininta a zanena. Ɗinki da allurai kusan wata guda, kuma har yau in ta ji haushin kare sai ta ɓuya bayan uwarta.

Mu fa ba Turawa ba ne da kowa ke kulle gidansa. Almajiri zai shigo, mai ruwa zai shigo, 'yar maƙwabta za ta zo aron ludayi. Gonarka ma ai ba ta rasa masu ratsawa, da mata masu itace da yara masu ciyawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma wannan kiwon ba mai shi kaɗai yake shafa ba.

Abban Sultan:
Allah ya ba ta lafiya, Hajiya, abin ba daɗi. Amma laifin mai karen ne da bai horar da shi ba. Kowane kare in ka ɗaure shi shekara biyu a kan sarƙa, ba ya ganin kowa, dole ya zama mugu. Nawa tun yana ƙarami nake fita da shi, yana ganin mutane, yana jin ƙarar babur. Baƙi suna zuwa gidana, in na ce masa ya kwanta sai ya kwanta.

Dakta na Bukur:
Abban Sultan, rabin maganarka gaskiya ce. Ɗaure kare dare da rana yana lalata shi, kuma fitar da kake yi da naka abu ne mai kyau, ka ci gaba. Amma ka ce watansa 14. Yaro ne har yanzu. Wannan irin ba ya gama zama babba a hali sai ya shekara biyu, wani ma uku. Yawancin waɗanda suke zuwa mini da kuka, a daidai wannan lokacin suke zuwa, su ce Dakta karena ya canja. Bai canja ba, girma ya yi. Ƙin baƙo ba horo ne aka yi masa ba, a jininsa yake, don haka aka zaɓi kakanninsa. Horo yana rage kaifin abin, ba ya cire shi.

Batun yara kuma, gaskiya ne yana son 'yan gidansu, yana haƙuri da su ƙwarai. Hatsarin yana wurin abokan yaran. Ɗanka da ɗan maƙwabci suna kokawar wasa, ɗanka ya yi ihu, shi karen bai san wasa ba ne, ya ga baƙo ya danne nasa. Kare mai kilo 60 ko bangaza kawai ya yi wa yaro ɗan shekara biyar, an samu karaya. Don Allah ka daina barin yara suna hawa bayansa, ko don lafiyarsa ma, domin ciwon ƙugu yana damun wannan irin sosai.

Hajiya, kin yi daidai da kika garzaya da ita. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da mai karen ya rantse an yi masa allurar hauka.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Na ga ba wanda ya taɓo ɓangaren shari'a, bari in sa baki. Ajiye kare don tumaki halal ne babu saɓani. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna wanda ya riƙi kare ana rage masa ƙiraɗi guda na lada kullum, sai dai karen farauta ko na dabbobi ko na gona. A ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu aka ce. To Alhaji, kai dabbobi gare ka kuma a gona, ka shiga cikin waɗanda aka togace ta fuska biyu.

Gadin gida a cikin gari ne malamai suka yi magana a kai, wasu suka hana, wasu suka yi ƙiyasi a kan ukun nan in akwai buƙata ta gaske. Malamanmu suna kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Duk da haka a bar shi a waje, ba cikin ɗaki ba.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne kuɗin. Akwai hadisi ingantacce da ya hana kuɗin kare. Abin da ya shahara a Malikiyya shi ne hana sayar da shi ko da wanda aka yarda a ajiye ne, sai dai Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya halatta, haka ma Hanafawa. Kuma duk wanda ya ajiye dabbar da ya san tana cizo ya yi sakaci, abin da ta ɓata yana wuyansa. Haƙƙin dabbar ma yana wuyansa: ci da sha da inuwa.

Mai Tumaki:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Maganar haƙƙin nan ta shige ni, don inuwar da ke gonar bishiyar darbejiya biyu ce kawai da rumfar kwano.

Ɗan Tawa:
Ina gaida kowa. Ni daga Tawa nake a Nijar, kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallake abin da ke ƙofar gidanmu. A arewa da mu, cikin Azawak, Buzaye suna da karensu tun kaka da kakanni. Dogo ne siriri, ƙafafu kamar na barewa, gashi kwance a jiki, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa ko da ya ƙoshi. Namiji yana kai santimita 70 a tsayi amma nauyinsa bai wuce kilo 25 ba. Turawa sun kwashe shi sun kai ƙasashensu, da sunan kwarin namu suke kiransa, Azawak. Wanda bai san shi ba sai ya ce yunwa ce ta kama shi, alhali haka Allah ya yi shi don ya iya da rana.

Kuma kada sirantarsa ta ruɗe ka. Je ka zangon Buzaye da dare ka gani ko za ka iya kusantar tanti. Shi ma ba ya son baƙo, shi ma nasa kawai ya sani, yana korar dila da kura daga awaki, ga shi yana kamo zomo. Watan Afrilu a nan zafi yana wuce 42, karen nan yana bin raƙuma a cikinsa. Ban ce Alhaji ya zo Tawa neman kare ba. Cewa nake kowace ƙasa ta ƙera karenta daidai da ita. Wancan an yi shi don ƙanƙara, ɗalibinmu ya faɗa da bakinsa cewa da rigar sanyi suke kwana a Yuli. In ka kawo shi Zariya a watan Maris, wa ka taimaka?

Jikan Arɗo:
Gaskiya ne mutumin Tawa. Mu a ruga ba mu taɓa sanin kare yana kora dabba ba. Saniya muryar mai ita take bi, tumaki kuma suna bin shanu. Aikin rawandu, wato kare, shi ne ya ji abin da ba ka ji ba ya tashe ka. Kuma karen gida na yau da kullum yana yin wannan, in dai a cikin dabbobin ya tashi.

Alhaji, ka duba asarar taka da kyau. Ragunanka sun tafi ne saboda yaro bai farka ba. Wannan ƙaramin kare mai kunne ya isa. 'Yan tumakinka kuma karnukan gari ne, su ma in suka tarar da karnuka biyu na wurin suna tsaye ba sa shiga. In kuwa masu bindiga ne, Allah ya kiyaye, babu karen da zai tare su komai girmansa. Ɓarawon unguwa ma da ya san akwai ƙaton kare, nama mai guba yake fara jefowa. Ka ga in kare ɗaya ne mai kuɗin raguna biyu, dare ɗaya an gama da kai.

Abban Sultan:
Ni dai zafin nan da kuke ta faɗa ban ga ya kashe nawa ba. In bazara ta yi ina jiƙa masa ƙasa, akwai fanka a ɗakinsa, bana ma ina niyyar a aske masa gashin gaba ɗaya ya sha iska. Kuma a faɗi gaskiya, ɓarawo in ya leƙo ya ga karen gida, dutse zai ɗauka. In ya ga wannan, komawa zai yi.

Dakta na Bukur:
Kwarjinin kam babu musu, Abban Sultan, ya fi kowane kare da muke da shi a nan. Amma don Allah kada ka aske shi. Gashin sama shi ke tare masa rana, in ka kwashe shi fatar za ta ƙone, kuma sau da yawa ba ya sake fitowa daidai. Abin da ake yi shi ne a riƙa taje shi ana fitar da na ƙasan da ya mutu. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ana iya rasa shi cikin sa'o'i. Mu nan Jos muna sama da mita 1,200, duk da haka a Maris ana kawo mini su suna numfashi da ƙyar. Kai kana da fanka da ɗaki. Na Alhaji a fili zai yini tare da tumaki, in kuwa aka kulle shi a ɗaki da rana to ba ya tare da garken ke nan.

Sai kaska. A cikin wannan gashin ba ka ganin ta sai ta cika ta yi fam, kuma tana sa musu ciwon da ke shanye jini. Karen gona da ke kwana da tumaki kullum cikin ɗaukar ta yake. Ga ci: babba yana tashi da rabin kilo zuwa kilo guda na busasshen abincin kare a yini. A raba masa sau biyu, don in ya cika ciki lokaci ɗaya ya yi guje-guje, tumbinsa na iya murɗewa, wannan kuwa in ba a yi aiki da gaggawa ba mutuwa ce.

In lalle babban kare na waje ake so, akwai misali a Afirka. A Namibiya, tun 1994 wata ƙungiyar ba da kariya ga damisar nan mai gudu da ake kira cita take raba wa makiyaya karnukan Turkiyya, irin Kangal na lardin Siwas da danginsa, kuma makiyaya da yawa sun shaida asararsu ta ragu sosai. Amma ku lura, Kangal gajeren gashi gare shi, ƙasarsu ma tana zafi da rani. Sannan sirrin ba a irin kaɗai yake ba. Tun yana ɗan wata biyu zuwa uku ake sa shi cikin garke, ya kwana da su, ya tashi da warinsu a hancinsa. Wanda ya girma a keji a cikin gari, ko ɗan wane ne, in ka sake shi cikin tumaki yana iya bin su da gudu ya kashe.

Hajiya Mai Kaji:
Dakta Allah ya saka. Ni dai roƙona ɗaya, duk wanda Alhaji zai ajiye, babba ko ƙarami, a kewaye wurin da waya, a kuma sanar da mutanen ƙauyen.

Mai Tumaki:
Wata tambaya kuma, kunnen nan da ake yankewa, dole ne? Mai sayarwa ya ce in na biya zai yanke wa ɗan kafin in ɗauka.

Ɗalibi a Tbilisi:
Na tambayi dattijon nan wannan, Baba. Ya kama nasa kunnen ya ja, ya nuna mini cewa nan kyarkeci yake kamawa in ana faɗa, shi ya sa suke yankewa tun kwikwiyo yana 'yan kwanaki. Yawancin ƙasashen Turai sun hana yanzu. Asalin kunnen a kwance yake, mai kusurwa uku, kuma ya fi kyau a haka. Tunda babu kyarkeci a Zariya, ban ga dalilin da za a sa wa ɗan mako tara wuƙa ba.

Mai Tumaki:
'Yan uwa na dawo, ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu. Jiya na koma wurin mai karen da tambayoyin da na kwasa a nan. Na ce ina son ganin uwar, ya ce tana wani gari. Na ce katin allurar ɗan fa, ya ce za a rubuta. Na tambaye shi ko uban ya taɓa ganin tunkiya, sai ya yi dariya ya ce ai wannan ba a kai shi daji. Da ƙarfe biyu na rana na je, na tarar da uban kwance a kan siminti an kwara masa ruwa, harshe a waje, ko ɗaga kai bai yi ba. Wannan karon tausayinsa na ji. Na yi masa godiya na fito.

Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu karen yana raina. Halitta ce mai ban sha'awa, kuma da a Gembu nake ko wani wuri mai sanyi, da wataƙila na nemi na kirki na saya. Amma yau da safe na je rugar da ke gabas da gonata, wurin mutanen da nake sayen nono a hannunsu shekara da shekaru. Karyarsu ta haihu wata biyu da suka wuce. Na ga uwar, ja ce mai tsayayyun kunnuwa, tun daga nesa ta tare ni da haushi har sai da mai ita ya fito, kuma 'ya'yan a cikin 'yan maruƙa na same su kwance. Dattijon ya ba ni biyu, mace da namiji, ya ƙi karɓar ko sisi, sai goro na ba shi. Kuɗin da na tanada kuma waya zan saya in kewaye garken, kamar yadda Hajiya ta ce.

Dakta, allura fa, yaushe zan fara?

Dakta na Bukur:
Yanzu, Alhaji, kada ka jira. A wannan makon a ba su maganin tsutsar ciki, a yi musu ta farko ta ciwon nan mai sa amai da gudawar jini, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu. Ta hauka kuma in sun cika wata uku, sannan duk shekara. Zariya ba ku rasa likitocin dabbobi ba, ga asibitin koyarwa na jami'a kusa da kai. Ka ja wa yaranka kunne ranar Asabar, su gaisa da su su bar su, kada su ɗauke su zuwa gida ko su mai da su abin wasa, in ba haka ba mutane za su bi, ba tumaki ba.

Abban Sultan:
Allah ya sa albarka Alhaji. Ni ina nan da nawa, ban fasa son sa ba. Amma askin na fasa, kuma yau na hana yara hawa bayansa. Dakta zan neme ka in ya kusa shekara biyu.

Jikan Arɗo:
Madalla. Ka yi musu ɗan shinge a cikin garken, inda za su shige in an matsa musu, tumakin kuma ba za su iya bi ba. Ka fara haɗa su da 'yan tumakin da aka yaye da tsofaffi masu sanyin hali. Tunkiya mai sabuwar haihuwa kada ta kusance su tukuna, tunkuyi ɗaya za ta yi wa ɗan kwikwiyo ta karya shi.